Garwashi a Kufai

A farkon shekarar 1952, saura 'yan watanni ya yi ritaya, wani dattijo Ba'amurke mai suna Paul Merrill ya fito da wata magana da shi kansa ya ce ta ba shi mamaki. Ya ce ya ga alamar wani ƙarfe a cikin hasken wasu tsofaffin taurari. Ganin ƙarfe a tauraro ba sabon abu ba ne, an doshi shekara ɗari ana yi. Irin ƙarfen ne ya sa aka zaro ido. Teknetiyom ake ce masa, kuma a lokacin babu wanda ya taɓa haƙo shi a ƙasa ko ya tsince shi a jikin dutse. Ɗan abin da ake da shi a duniya, mutum ne ya haɗa shi da injinsa. Sunansa ma daga wata kalmar Girkanci aka ciro shi, mai nufin abin da hannu ya ƙera. To ga shi an gan shi a inda hannun ɗan'adam bai taɓa kaiwa ba.

Labarin ƙarfen ya girmi Merrill. A 1869 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera sinadaran da aka sani a jadawali, kowanne da gidansa, sai ya ga wasu gidaje babu kowa a ciki. Bai cike su da ƙarya ba, ya bar su a buɗe, ya ce masu su na nan tafe. Kuwa suka zo. An gano galiyom a 1875, iskandiyom a 1879, jamaniyom a 1886. Amma gidan da daga baya aka ba lamba 43, wanda ke ƙarƙashin manganis, ya ƙi samun mai shi. An sha yin guɗa ana cewa an same shi, gari ya waye a ga ba shi ba ne. Ta 1925 ta fi amo, lokacin da wasu Jamusawa uku, Walter Noddack da Ida Tacke da Otto Berg, suka ce sun kama shi har suka raɗa masa suna masuriyom. Babu wanda ya iya maimaita aikin nasu ya ga abin da suka ce sun gani.

A ƙarshe ta gidan waya aka kawo shi. A 1936 wani matashin malami ɗan Italiya, Emilio Segrè, ya kai ziyara Berkeley a Kalifoniya, inda Ernest Lawrence ke da wani inji mai juya ƙwayoyin zarra da gudu yana harba su. A farkon 1937 Lawrence ya aika masa da wani ɗan fallen ƙarfen molibdenom da aka cire daga jikin injin, wanda ya sha harbi na watanni. Molibdenom shi ne mai gida na 42. Segrè da abokin aikinsa Carlo Perrier suka narkar da fallen a Jami'ar Palermo da ke tsibirin Sisili, suka yi ta tacewa, har suka tabbatar cewa wasu ƙwayoyinsa sun matsa gida ɗaya gaba. Shi ne sinadari na farko da aka fara sani ta hanyar ƙera shi. Hukumar jami'ar ta so a sa masa sunan birninsu, masu aikin ba su yarda ba, sai 1947 aka yi masa suna.

A nan aka gane dalilin da ya sa aka yi kusan shekara 70 ana neman sa a banza. Teknetiyom ba ya zama. Yana da nau'o'i da yawa, amma kowanne rugujewa yake yi da kansa ya rikiɗe zuwa wani sinadarin. Masana na auna wannan da abin da suke kira rabin rai, wato lokacin da rabin abin da ke hannunka zai ɓace. Akwai nau'in da rabin ransa awa shida ne kacal, shi ne wanda ake yi wa majinyata allurarsa a manyan asibitoci kafin a ɗauki hoton ƙashi ko zuciya. Nau'in da lambar nauyinsa 99 ce, rabin ransa yana kai shekara 211,000. Mafi tsawon kwana a cikinsu, shekara miliyan 4.2. Ga ɗan'adam wannan dogon zamani ne, amma duniyarmu ta haura shekara biliyan huɗu da rabi. Duk wanda aka haife ta da shi ya daɗe da ƙarewa.

Na zauna na buga lissafin, don maganar ta fi shiga kai da alƙaluma. A ce tauraro mai nauyin rana gaba ɗayansa teknetiyom ne zalla, kuma mafi tsawon kwanan. Idan aka yi ta raba shi biyu, wajen rabo na 190 babu ko ƙwayar zarra ɗaya da za ta saura. Wannan shekara miliyan 800 ke nan. Taurarin da Merrill yake dubawa kuwa da yawansu sun ba shekara biliyan baya.

Yaya ake sanin abin da ke cikin tauraro alhali ba a je ba? Haskensa ake tsagawa, kamar yadda ɗigon ruwan sama ke tsaga hasken rana ya zama bakan gizo. A cikin bakan akwai wasu siraran layuka baƙaƙe, waɗanda Joseph Fraunhofer ya zana a 1814 ba tare da ya san ma'anarsu ba. A 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka warware su a Jamus: kowane sinadari yana haɗiye wasu launuka nasa na kansa, ya bar gurbinsu a baƙi. Kamar tsage ne a fuska. Yadda a da dattijo zai dubi kuncin baƙo ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, haka mai karanta haske zai dubi layuka ya ce ga baƙin ƙarfe, ga kalsiyom.

Merrill gwani ne a wannan karatu. An haife shi a 1887, ya kama aiki a cibiyar nazarin taurari ta Dutsen Wilson a 1919, kuma ya ƙare ƙuruciyarsa a kan taurarin da wasu ke gani aikin wahala ne: jajaye, masu kumbura suna sacewa, haskensu ya ƙaru ya ragu a cikin shekara guda ko fiye. Bakansu a cunkushe yake da dubban layuka, wani kan wani. A 1922 ya ware wani rukuni daga cikinsu ya ba shi harafin S, saboda ya ga tsagensu ya sha bamban da na sauran, kuma daga baya aka tabbatar zirkoniyom ne ya yi musu yawa. Aikin ba shi da ƙyalli. Hoton bakan fallen gilashi ne ɗan siriri, babu launi a kai, sai toka-toka da layuka, mutum ya duƙa a kan madubin ƙara girma yana auna tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba, yau da gobe, shekara talatin.

Ba a gane baƙo da tsagen da ba a taɓa gani ba. Sai a 1950 William Meggers da Bourdon Scribner, a hukumar awo ta Amurka, suka sami ɗan ƙwarya-ƙwaryan teknetiyom daga tukunyar nukiliya, suka ƙona shi suka rubuta layukansa. Da wannan jeri a hannu Merrill ya duba hotunan da aka ɗauka a Dutsen Wilson da kuma na sabon madubin hangen nesa na Palomar, mai faɗin mita biyar. Ga su nan, layuka a ɓangaren shuɗi mai duhu, daidai inda aka ce za su kasance. A tauraron da ake kira R Andromedae sun fito raɗau.

Mutum ne mai taka-tsantsan, bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya ajiye hanyoyi uku. Ko dai akwai wani nau'in teknetiyom mai ɗorewa da ba a gano a duniya ba, ko waɗannan taurari na cikin wani ɗan gajeren zango ne na rayuwarsu, ko kuma su da kansu suke ƙera ƙarfen suna tafe. Ta farko ta faɗi, babu irin wannan nau'i. Sauran biyun suka zama gaskiya a haɗe. Wanda ya shiga kufan da aka ce an tashi shekara ɗari da ta wuce, ya sa hannu a murhu ya ji garwashi, ba ya bukatar shaida kafin ya san wani ya hura wuta a daren jiya.

Kafin wannan, ra'ayin da ke tashe shi ne na George Gamow da ɗalibinsa Ralph Alpher, cewa an dafa dukkan sinadarai a 'yan mintocin farko na samuwar sararin samaniya. Lissafinsu yana tafiya lafiya har hiliyom, daga nan ya cije. Wani matashi ɗan Kanada, Alastair Cameron, wanda kimiyyar nukiliya ya karanta, ya ci karo da labarin Merrill a wata mujalla, sai ya ajiye abin da yake yi ya koma nazarin taurari. Tambayarsa ɗaya ce: ina tauraro ke samun niyutiron? Domin da niyutiron, ɗaya daga ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, ake gina sinadarai masu nauyi. A 1955 ya kawo amsa. Idan kabon mai lamba 13 ya haɗu da hiliyom a wuri mai tsananin zafi, sai ya zama oksijin ya tofar da niyutiron ɗaya. Baƙin ƙarfen da ke kusa ya haɗiye shi, ya jira shekaru, ya sake haɗiye wani, yana hawa gida-gida a jadawalin Mendeleev. Daga baƙin ƙarfe mai lamba 56 zuwa teknetiyom mai lamba 99, loma 43 ke nan. Ana wucewa ta zirkoniyom a hanya, wanda ya bayyana tsagen da Merrill ya gani tun 1922, a ci gaba zuwa bariyom, a tuƙe a dalma. A 1957 Margaret Burbidge da mijinta Geoffrey, da William Fowler, da Fred Hoyle, suka fitar da wata doguwar maƙala da ta shimfiɗa tsarin gaba ɗaya, Cameron ma ya fitar da tasa a shekarar. Kusan rabin sinadaran da suka fi baƙin ƙarfe nauyi ta wannan hanya ta sannu-sannu aka same su. An ba Fowler kyautar Nobel a 1983, aka tsallake Hoyle, abin da har yau wasu ba su haɗiye ba.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Girkin can ƙasa ake yin sa, a zafin da ya kai digiri miliyan 90 zuwa sama. Abin da Merrill ya gani kuwa a fuska yake, inda zafi bai wuce digiri 3,000 ba. Wa ya kwaso shi daga gindin tukunya zuwa baki, kuma da saurin da bai ba shi damar rugujewa a hanya ba?

Tauraro irin rana ba ya gauraya cikinsa. Cibiyarsa na ci da wuta a digiri miliyan 15, amma zafin ta hanyar haske yake ratsowa, kayan ciki na zaune inda suke. Ɓawon waje ne kaɗai ke tafasa, kusan kashi uku cikin goma na zurfinsa. Shi ya sa fuskar rana har yau kusan yadda aka haife ta take, duk da shekara biliyan 4.6 da ta yi tana girki. Amma ranar da haidirojin ɗin cibiya ya ƙare, sai cibiyar ta tsuke, jikin ya kumbura, fuskar ta huce ta yi ja. Shi ne jan ƙato. Ba sai an je Palomar ba kafin a ga irinsa: Dabaran, jan tauraron nan da ke bin bayan Kaza da 'Ya'yanta, wadda malaman lissafin taurari ke kira Suraiya, jan ƙato ne, faɗinsa ya ninka na rana sau 44. A wannan hali tafasar waje takan nutsa ƙasa, ta yi ta nutsawa har ta mamaye mafi yawan jikin tauraron, ta taɓo wuraren da wuta ta taɓa lasa, ta kwaso abin da ke can ta watsa a sama. Masana sun ba abin suna mai ma'anar kwashe laka daga gindin ruwa. Mu da muka san rijiya muna da kalmar da ta fi tasu dacewa: yasa. Icko Iben ne ya fi kowa aiki a kan lissafinta tun daga shekarun 1960.

Yasar farko tana barin alamu da ake iya aunawa. Naitirojin ya ƙaru a fuska, kabon ya ragu. Litiyom, wanda ba ya jure zafin da ya wuce digiri miliyan biyu da rabi, ya dusashe. A rana, duk ƙwayar kabon mai lamba 13 guda ɗaya tana da 89 na mai lamba 12 a gefenta. Bayan yasa, lissafi ya ce adadin zai sauko tsakanin 20 da 30. A nan taurarin suka yi wa masu lissafi gardama, domin an auna jajayen ƙattai da yawa an tarar da 10, wasu ma ƙasa da haka. Ke nan akwai wata muciya da ke ci gaba da tuƙi a ɓoye bayan tafasar ta ja da baya. Amsar da ta fi samun karɓuwa daga teku aka aro ta. Idan ruwan gishiri mai ɗumi ya hau kan ruwan daɗi mai sanyi, ba ya zama lafiya, sai ya riƙa sauka sirara-sirara kamar yatsu, na ƙasa yana hawa. A 2006 Peter Eggleton da abokan aikinsa suka lura cewa a cikin jan ƙato akwai wurin da ƙwayoyi biyu na hiliyom mara nauyi ke haɗuwa su haifi ƙwayoyi uku, sai kayan wurin su fi na samansu sauƙi. A 2007 Corinne Charbonnel da Jean-Paul Zahn suka ce ai wannan yatsun gishiri ne a cikin tauraro. Bayanin yana da daɗin ji, ni ma yana burge ni, amma da aka gwada a kwamfuta sau da dama yatsun ba su kai ƙarfin da ake bukata ba, kuma ana nan ana ja.

Teknetiyom ba a yasar farko yake fitowa ba, sai a ta uku, dab da mutuwa. A lokacin cibiyar tauraron ta zama dunƙulen kabon da oksijin wanda bai fi girman duniyarmu da yawa ba, jikin kuwa ya ninka rana sau ɗaruruwa. Wuta biyu ke ci a kewayen dunƙulen, ta hiliyom a ƙasa, ta haidirojin a sama. A 1965 Martin Schwarzschild da Richard Härm, suna lissafi da kwamfuta a Princeton, suka ga wutar hiliyom ta ƙi ci a natse. Takan lafa na dubban shekaru, tokar wutar sama tana taruwa a kanta, sai rana ɗaya ta tashi da ƙarfin da ya ninka hasken rana sau miliyoyi. Daga waje ba a ganin wannan tashin, jikin tauraron ke shanye shi. Amma yana tura wutar sama ta yi nisa har ta mutu na ɗan lokaci, kuma ita ce katangar da ke tare tafasar waje. Katanga na faɗuwa, tafasa ta zuro guga har cikin wurin girkin, ta ɗebo kabon da zirkoniyom da bariyom da teknetiyom ɗanye shar. Sai komai ya lafa. Bayan shekara 10,000 zuwa 100,000 a sake. Ko rabin ran teknetiyom mai lamba 99 bai cika ba an kawo sabo.

Kowace yasa tana ƙara wa fuskar kabon. Muddin oksijin ya fi yawa, tauraron na nan a rukunin jajayen da aka saba. Idan suka yi kusan kunnen doki, ya zama S ɗin Merrill. Idan kabon ya rinjaya, sai sararin tauraron ya cika da abin da za a iya kira kunkunniya, ya yi ja wur kamar gauta. Irin waɗannan ne wani limamin Kirista a Rum, Angelo Secchi, ya ware tun a shekarun 1860. Rukunai uku da aka ɗauka dangi daban-daban ne, ashe tauraro ɗaya ne a shekaru daban-daban. Merrill bai ga wannan bayani ba. Ya rasu a 1961.

Ya bar wani ƙulli kuma. Ba duk taurarin S ne ke da teknetiyom ba. Da yawa ga zirkoniyom jibge a fuskarsu, amma layukan nan babu su ko alama. Akwai kuma wasu da aka gano a 1951, masu bariyom fiye da kima, alhali ba su tsufa har sun kai yasa ta uku ba. Ina suka samo abin da ba su dafa ba? A 1980 Robert McClure a Kanada ya bi motsin masu bariyom ɗin, ya ga suna rangaji gaba da baya, alamar kowanne na kewaya wani abokin zama da ba a gani. Abokin farin wada ne, wato dunƙulen da ke saura bayan jan ƙato ya zubar da jikinsa. Daga baya aka samu haka a taurarin S marasa teknetiyom. Gado suka ci. Babban ya yi girkinsa, ya yi yasarsa, iskarsa ta kwashi kayan ta zuba wa ƙaramin a fuska, ya mutu. Shekaru miliyoyi suka wuce, teknetiyom ɗin gadon ya ruguje, zirkoniyom ya zauna. Har da wata shaida ta biyu: wani nau'in zirkoniyom yakan rikiɗe a hankali ya zama niyobiyom, ƙarfen nan na cikin kwalambait da ake haƙowa tare da kuza a Jos. Magadan suna da shi da yawa. Masu girkin kansu ba su da shi tukuna, lokaci bai yi ba.

Duk wannan daga layuka da lissafi aka gano shi, babu wanda ya ga tafasar da idonsa. Tauraro komai girmansa ɗigo ne a madubi. A fuskar rana ana ganin ta, ƙananan kumfa kusan miliyan biyu, kowanne faɗinsa kamar kilomita 1,500. A 1975 Schwarzschild ya yi hasashen cewa a jan ƙato kumfan ba za su yi yawa ba, sai dai 'yan kaɗan ne manya-manya. A watan Disamba na 2017 wata tawaga ƙarƙashin Claudia Paladini ta haɗa hasken madubai huɗu a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, ta fitar da hoton fuskar wani tauraro mai nisan tafiyar haske ta shekara 530. Ga tabo-tabo nan, masu haske inda zafi ke tasowa, masu duhu inda ya huce yana komawa. Kumfa ɗaya faɗinsa ya kai kilomita miliyan 120, ya fi tazarar da ke tsakanin rana da Zahara. Sunan tauraron Pi-1 Gruis. Akwai teknetiyom a fuskarsa, kuma yana cikin taurari ukun da Merrill ya zaɓa ya kafa rukunin S da su a 1922.